ABDULLAHI IBN BUHAINA: MAKAƊIN DA YA MAIDA GANGA MAKARANTA

A ƙasar Maraɗi, yaro da babba kowa ya san muryar ganga. Idan damana ta kankama aka kira gayya a gonakin Tibiri, makaɗi na biye da samari. Da ya buga taken saurayi, sai hauyarsa ta ƙara sauri. Mahauta na da kalangu. Maƙera na da dundufa. Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri suna da tambura. Biki ko kokowa, a unguwar Zariya ko a Jiratawa, armashinsa kiɗi ne.

Amma fa shi makaɗin, an cika barin shi a baya. Kowa ya san sunan Mamman Shata. Mutum nawa ne za su iya kawo sunayen masu kalangunsa? Magidanci na son kiɗi, amma sau da yawa ba ya son ɗansa ya riƙe ganga. Yau kuma ga salula, ga piyano mai lantarki da ke fitar da muryar ganga ba tare da fata ba. Tsofaffin makaɗa na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wasu gangunansu na rataye a ɗaka, babu mai taɓa su.

Shi ya sa jarida ta kawo labarin wani makaɗi na ƙasar Amurka. Sunansa Art Blakey, ana faɗin sunan kamar Bileki. Yana da wani suna kuma: Abdullahi Ibn Buhaina. Maraya ne, bai yi nisa a lakwal ba. Amma ya shekara wajen 35 yana jagorantar ƙungiya daga bayan ganga, kuma samari fiye da 100 suka koyi sana'a a hannunsa.

MENE NE JAZ?

Kafin a shiga labarin mutumin, sai an san kiɗin da yake yi. Sunan kiɗin jaz. Kiɗi ne na baƙar fatar Amurka.

Asalin waɗannan mutane Afirka ne. A zamanin cinikin bayi, an ɗebi mutum fiye da miliyan 12 a jiragen ruwa aka haye teku da su. Har da Hausawa a ciki, waɗanda aka fi kai wa ƙasar Barazil. Waɗanda aka kai Amurka, an sa su noman taba da shinkafa da auduga. Iyayengijinsu na tsoron ganga, don sun lura tana iya tara jama'a. A shekarar 1739 bayi suka yi tawaye a yankin Karolina ta Kudu. A 1740 aka yi doka a can, aka hana bawa riƙe ganga. Da aka hana su ganga, sai suka koma tafi da buga ƙafa da waƙar amshi a gona da wurin ibada.

An soke bauta a Amurka a 1865. Bayan wannan, baƙar fata suka sami kayan busa na Turawa, irin na sojoji. Suka busa su da irin tasu murya. A garin Niyu Oliyans, wajen shekarar 1900, wannan haɗi ya haifi jaz.

Ga yadda ake yin shi. Makaɗa biyar ko shida sai su tashi waƙa tare. Daga nan kowa sai a ba shi fili shi kaɗai, ya ƙirƙiro nasa nan take, sauran na riƙe masa. Idan ya gama, wani ya karɓa. A ƙarshe su sake haɗuwa a kan waƙar farko. Wanda ya saba jin mawaƙi na ƙago baiti a fage, ƴan amshi na karɓa, ba zai ji abin baƙo ba ƙwarai.

MARAYA A GARIN ƘARFE

An haifi Art Blakey ranar 11 ga Oktoba 1919 a garin Pitsbag. Gari ne na masana'antun narka ƙarfe, hayaƙi ko'ina. A lokacin, baƙar fata da yawa na barin gonakin kudu suna zuwa irin waɗannan garuruwa neman aiki. Cin rani ne, amma wanda ba a komowa.

Uwarsa ta rasu yana jariri. Ubansa bai tsaya a kansa ba. Wata mata ce ta ɗauke shi ta rene shi tare da nata ɗiya. Gidan na masu riƙo da addinin Kirista ne, kuma a nan ya fara taɓa piyano. Lakwal kuwa bai daɗe ba ya bar ta. Shi da bakinsa yakan ce ya yi aikin ƙarfi a masana'antar ƙarfe da ramin gawayi tun yana yaro. Da rana aiki, da dare kiɗi. Bai kai shekara 20 ba ya riga ya zama mai ciyar da iyali da abin da kiɗi ke kawowa.

Yadda ya bar piyano, labari ne da yakan bayar yana dariya. Ya ce wata rana wani yaro ɗan garinsu, Erroll Garner, ya zo gidan rawar da yake aiki. Yaron ya zauna ya buga piyano, kowa ya ji ya fi shi nesa ba kusa ba. Mai gidan rawar, mutum ne mai yawo da bindiga, ya ce masa ya tashi ya koma kan ganga. Babu gardama. Garner ya zama shahararren mai piyano a duniya. Blakey kuwa abin da ya zo masa kamar wulaƙanci, shi ya zama abincinsa. Wani hani ga Allah baiwa ne.

MUTUM ƊAYA, AIKIN MUTUM HUƊU

Gangar jaz ba guda ɗaya ba ce. Tari ne na ganguna da faifan tagulla, an jera su gaban mutum ɗaya, yana zaune a kujera. Akwai babbar ganga kwance a ƙasa. Ita ƙafar dama ke bugawa da wani mataki. Akwai faifan tagulla biyu, ɗaya kife bisa ɗaya. Su ƙafar hagu ke haɗawa, su ce cas. Akwai ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyi, mai zaren ƙarfe a ƙarƙashinta don ta yi kaifin murya. Akwai wasu ganguna a gefe, da manyan faifai a sama. Hannu biyu na riƙe da sanda biyu.

Ke nan hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da nasa aiki a lokaci guda. Abin da makaɗa huɗu za su yi a fage, mutum ɗaya ke yin shi. Blakey bai shiga wata makarantar kiɗi ba. Da kunne da ido ya koya. Ya zuba ido ga manyan makaɗan zamanin, irin su Chick Webb da Sid Catlett.

Akwai abu uku da ake gane shi da su ko ba a gan shi ba. Na ɗaya, ƙafarsa ta hagu ba ta fashi. Tana nan tana cas, cas, kamar mai daka da ba ta kuskuren turmi. Na biyu, yakan danna sanda biyu bisa fata su yi ta karkarwa. Ƙarar sai ta taso ƙasa-ƙasa kamar hadari daga gabas, ta yi ta ƙaruwa har ta fashe. Wani babban makaɗi abokinsa, Max Roach, ya ce Tsawa suke kiran shi. Na uku, yakan ɗora gwiwar hannu bisa fatar ganga ya danna yana bugawa, muryar ganga ta hau ko ta sauka. Mai kalangu ya san wannan dabara. Shi ma haka yake matse tsarkiya a hammata don kalangu ya yi magana.

HANYA DA WAHALARTA

A farkon shekarun 1940 ya bar gida. Ya yi aiki da wata gwanar piyano, Mary Lou Williams. Ya kuma bi ƙungiyar Fletcher Henderson gari-gari.

A lokacin, kudancin Amurka na ƙarƙashin dokar wariya. Baƙar fata ba ya cin abinci inda farar fata ke ci. Ba ya kwana a masaukinsu. A mota sai ya zauna baya. Makaɗi zai faranta wa mutane rai da dare, in an tashi ya fita ta ƙofar baya. Blakey ya ba da labari cewa a jihar Jojiya wani ɗan sanda ya yi masa dukan kawo wuƙa. Sai da likita ya sa masa ƙarfe a ƙoƙon kai.

Daga 1944 zuwa 1947 ya zauna a ƙungiyar mawaƙi Billy Eckstine. A nan ya haɗu da samarin da ke sauya jaz: Dizzy Gillespie, da Charlie Parker, da Miles Davis, da mawaƙiya Sarah Vaughan. Sabon salon nasu ana kiran shi bibap. Yana da sauri, yana da wuya. Na saurare ne fiye da na rawa. A tsohon salo, aikin mai ganga shi ne ya riƙe wa masu rawa ƙafa kawai. A sabon salo, mai ganga na tanka wa mai busa, yana zuga shi, yana yi masa gardama. Blakey da Max Roach da Kenny Clarke su ne kan gaba wajen buɗe wannan hanya. A 1947 kuma shi ya kaɗa wa Thelonious Monk a faifansa na farko da sunansa.

TAFIYA AFIRKA DA SABON SUNA

Ƙungiyar Eckstine ta watse a 1947. Bayan haka Blakey ya ce ya hau jirgin ruwa ya zo Afirka ta Yamma. Shi yakan ce shekara biyu ya yi. Masu bincike sun ce ba ta kai haka ba, don akwai faifan da aka ɗauka da shi a Niyu Yok a 1948. Ya sha faɗin cewa ba koyon ganga ya kawo shi ba. Addini da hikimar mutane ya zo nema.

A cikin waɗannan shekaru ya shiga musulunci, ta hannun ƴan Ahmadiyya da ke wa'azi tsakanin baƙar fatar Amurka. Ya ɗauki suna Abdullahi Ibn Buhaina. Ba shi kaɗai ba ne. Makaɗan jaz da dama sun musulunta a lokacin, irin su Yusef Lateef da Ahmad Jamal da Sahib Shihab. Abin da ya ja hankalin da yawa shi ne addinin da bai raba fari da baƙi a sahu ba. Mutumin da kakansa ya amsa sunan ubangidansa, sai ga shi ya zaɓi suna da kansa.

Gaskiya ɗaya ce: daga baya bai riƙe ibada da ƙarfi ba, kuma da sunan Art Blakey ya ci gaba da sana'a. Allah ne masanin zukata. Amma sunan ya bi shi har ƙarshen rai. Abokai da almajirai Bu suke ce masa, wato Buhaina a gajarce. Akwai faifansa guda biyu masu ɗauke da wannan suna.

ƳAN SAƘON JAZ

Ranar 21 ga Fabrairu 1954 aka ɗauki kiɗinsa a wani gidan rawa na Niyu Yok mai suna Birdland. Mai busa kakakin daren, Clifford Brown, shekararsa 23. A wannan dare Blakey ya faɗa wa jama'a abin da ya zama dokar rayuwarsa. Ya ce shi da samari zai zauna. In waɗannan sun girma, ya nemo waɗanda ba su kai su ba. Ya ce haka ke sa kan mutum bai kwanta ba.

Ba da daɗewa ba, shi da mai piyano Horace Silver da wasu abokai uku suka kafa ƙungiya. Suka sa mata suna Jazz Messengers, wato Ƴan Saƙon Jaz. A 1956 Silver ya tafi ya kafa tasa. Sunan ya zauna hannun Blakey har mutuwarsa.

Saƙon da suka kawo shi ne maido jaz wurin talaka. Bibap ya yi nisa da masu rawa. Su kuwa suka riƙe gwanintarsa, suka zuba masa gishirin gida: kukan baƙin ciki na manoman kudu, da kira da amshi na wurin ibadar baƙar fata. Ranar 30 ga Oktoba 1958 suka ɗauki faifan da ya fi kowanne nasu suna, Moanin', wato nishi. Mai piyano Bobby Timmons ne ya tsara waƙar. Piyano na kira, masu busa na amsawa, tamkar mawaƙi da ƴan amshinsa. Mai kakaki Lee Morgan shekararsa 20 a lokacin.

A ƙarshen 1958 suka je Faransa, mutanen Faris suka cika ɗaki. Har kiɗin silima suka yi wa Faransawa. A watan Janairu 1961 suka sauka Japan. Jama'a suka yi dafifi a filin jirgi don tarbar su. Mutumin da ake hana wa kujera a kudancin ƙasarsa, ga shi ana karɓar shi kamar sarki a wata ƙasa. Bai manta da wannan ba. Ya yi ta komawa Japan har tsufansa.

YADDA YAKE KOYARWA

Makarantar Blakey ba ta da allo, ba ta da alli. Fage ne ajinta. Amma tana da dokoki, kuma duk mai koyar da sana'a zai ƙaru da su.

Doka ta ɗaya: yana ɗaukar yaro tun bai yi suna ba. Ba ya jiran gwani ya zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Doka ta biyu: ba ya barin yaro ya ɓuya bayan manya. Daren farko zai tura shi gaba ya busa shi kaɗai. In yaro ya yi sanyi, sai tsawar nan ta taso masa daga baya. Ko ya tashi tsaye ko ganga ta binne shi. In ya yi daidai, sai ganga ta sassauta ta ba shi hanya.

Doka ta uku: kowa sai ya kawo waƙar da ya tsara da kansa. Blakey ba ya cika ƙungiya da nasa waƙoƙi. Na yaran ake kaɗawa, kuma da sunansu ake rubutawa a faifai. Yakan ɗauki ɗaya cikinsu ya ba shi riƙon tsarin kiɗi gaba ɗaya. Benny Golson ya riƙe wannan aiki. Wayne Shorter, wanda ya zauna daga 1959 zuwa 1964, shi ma ya riƙe.

Doka ta huɗu: mutunta masu saurare. A shekarun shaharar ƙungiyar, da kwat mai tsabta suke hawa fage. Shi da kansa yake kiran sunan kowane yaro ya gabatar da shi ga jama'a. Yakan ce aikin kiɗi shi ne wanke wa mutum ƙurar wahalar yini.

Doka ta biyar ita ce mai wuya: in yaro ya ƙware, sai a sallame shi. Wani ubangida yakan riƙe yaronsa har ya tsufa, don kar ya zama kishiya. Blakey kuwa yakan ce wa nasa lokaci ya yi, je ka kafa taka. Sai ya koma ya ɗauko sabo ya fara daga farko.

Ga kaɗan daga waɗanda suka bi ta hannunsa: Donald Byrd, Jackie McLean, Freddie Hubbard, Cedar Walton, Keith Jarrett, Woody Shaw, Bobby Watson. Akwai mace ɗaya, mai piyano Joanne Brackeen. Kusan kowannensu ya zama shugaban ƙungiya. Shi ya sa masu jaz ke kiran ƙungiyar jami'a.

GANGA TA GAMU DA GANGA

Blakey na son tara makaɗa wuri guda. A 1957 da 1958 ya yi faifai inda ganguna ne ke gaba, tare da makaɗa masu salon Kuba. A watan Janairu 1962 ya ɗauki faifai mai suna The African Beat, wato bugun Afirka. A ciki akwai Solomon Ilori, Bayarabe daga Najeriya, da gangarsa mai magana, ƴar uwar kalangu. Yusef Lateef ne ya yi busa.

Ya kuma sa ganga ta yi maganar ƴanci. A watan Mayu 1961 wasu matasa, baƙi da farare, suka hau motocin safa tare zuwa kudu don karya dokar wariya. An doke su, an ƙone mota ɗaya. A cikin wannan watan Blakey ya ɗauki wani kiɗi, ganga zalla babu busa, ya sa masa sunan waɗannan matafiya.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya a kai, wanda ya ba wasu mamaki. Ya ce jaz ba kiɗin Afirka ba ne. Ya ce na baƙar fatar Amurka ne, wahalarsu ce ta haife shi, kar a ƙwace musu a ba wani. Ya ce Afirka na da nata kiɗi mai girma, wanda bai bukaci a jingina shi ga kowa ba. Wasu masana ba su yarda da shi duka ba. Sun ce amshi da haɗa bugu iri-iri lokaci guda, daga Afirka suka haye teku. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Iri daga nan ya tafi, amma a gonar can ya tsira.

Daga baya abin ya komo gida. Wani saurayi a Legas, Tony Allen, wanda aka haifa a 1940, ya yi ta sauraren faifan Blakey da na Max Roach yana koyo. Ya haɗa abin da ya ji da kiɗin ƙasarsa. Shi ne ya kaɗa wa Fela Kuti daga 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1970, suka fito da salon afrobit da duniya ta sani. A 2017 Allen ya fitar da faifai na musamman don girmama Blakey. Ya rasu a Faris a 2020.

SHEKARUN FARI

Kowace sana'a na da nata fari. Daga ƙarshen shekarun 1960, samarin Amurka suka koma ga wasu kiɗe-kiɗe masu lantarki. Gidajen jaz da yawa suka rufe. Wasu makaɗa suka sauya salo, wasu suka ƙaura Turai, wasu suka bar sana'ar. An ce in kiɗi ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Blakey bai ƙi sabon abu ba, amma bai saki tushensa ba. Kuɗi suka ragu, faifai suka ragu. Turai da Japan ne suka riƙe shi. A 1971 da 1972 ya zagaya duniya da tsofaffin abokai, Gillespie da Monk. Ko a lokacin bai rushe ƙungiyar samarinsa ba.

Manomin da ya ajiye iri a shekarar fari, shi ke shuka in ruwa ya komo. A 1980 wani yaro ɗan Niyu Oliyans, Wynton Marsalis, mai shekara 18, ya shiga ƙungiyar da kakakinsa. Blakey ya kai 60 a lokacin. Wansa Branford ya biyo shi. Bayansu Terence Blanchard da Donald Harrison suka karɓa. Waɗannan yara ne suka sa samari suka sake waiwayar jaz. Faifan da ƙungiyar ta yi a 1984 ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗi ta Amurka.

AIBUNSA DA ƘARSHENSA

Ba a yabon mutum a ɓoye aibunsa. Blakey ya yi shekaru yana amfani da muguwar ƙwaya mai suna heroyin, wadda ta addabi makaɗan zamaninsa. Ƙwaya da giya sun cinye gwanaye da yawa. Charlie Parker ya mutu yana da shekara 34. Bobby Timmons, mai waƙar nishi, ciwon hanta ya kashe shi a 1974 yana da 38. Ƙwaya ba ta ƙara wa kowa gwaninta ba, kwana kawai ta rage. Saurayin da ke haɗiyar ƙwaya don ya jure noma ko kabu-kabu, ya dubi wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Blakey kuma mashayin taba ne ƙwarai. Ga shi shekara da shekaru cikin ƙarar ganga sun cinye masa kunne. A ƙarshe ba ya ji sosai. Da motsin da ke ratsa kujera da ƙafa yake gane inda kiɗi yake. Bai daina hawa fage ba sai ƴan watanni kafin rasuwarsa. Ciwon daji na huhu ya kama shi. Ya rasu a Niyu Yok ranar 16 ga Oktoba 1990, kwana biyar bayan ya cika shekara 71. A 2005 aka ba shi kyautar Grammy ta aikin rayuwa, bayan ransa.

ABIN LURA GA MANOMA DA MAKIYAYA

Amurka na da nisa, amma darasin na kusa. Gangar Blakey ba ta mutu da shi ba, don bai rufe hannunsa ba. Abin da ya sani ya zuba shi cikin yara, ya sake su suka tafi da shi.

A Tibiri da Jiratawa da unguwannin Maraɗi akwai dattawa da ke riƙe da taken gidaje da na manoma da na ƴan kokowa. Ba a rubuce suke ba. A ka suke, da hannu. Ran da dattijo ya kwanta dama bai koya wa kowa ba, an rufe su tare da shi. Haka abin yake ga maƙeri, da mai ginin tukwane, da makiyayin da ya san maganin dabba da hanyar rijiyoyi.

Akwai abin da kowa zai iya yi. Dattijo mai sana'a ya jawo yaro kusa, ko ba ɗansa ba ne. Ya bar shi ya gwada gaban jama'a, ko zai yi kuskure. In ya ƙware, ya sa masa albarka ya sake shi. Uba kuma kar ya ɗauka lakwal da sana'ar gado kishiyoyi ne. Yaro na iya riƙe alƙalami da safe, ya riƙe ganga ko masaba da marece. Masu zuwa karatun manya, ga aiki ya samu: a je wurin tsohon makaɗin gari, a tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa. A tambaye shi taken da ya sani da masu su. A rubuta cikin littafi, mai salula ya ɗauki muryar. A kawo cibiya a karanta wa jama'a.

Kuma in an je biki, aka yi wa mawaƙi kari, a waiwaya baya a tuna da mai ganga. Shi ma yana da suna.